Adakar Baturiya Mai Kwalliyar Amare

Idan ka shiga Talata Mafara ka ce gidan Malam Muttaka kake nema, sai an tsaya ana tambayar ka wane Muttakan, mai faci ko mai albasa. Amma ka ce gidan Baturiya mai kwalliya, ko akuya ka tambaya sai ta nuna maka da kai. Malam Muttaka mai albasa ya daɗe da haƙura da wannan. Shi ya gina gidan, shi ya yi masa rufin kwano, sunan matarsa kuma shi ya hau kai ya zauna. Da yake tuwo bai taɓa yankewa ba, bai ga abin kai ƙara ba.

Sunanta na yanka ba kowa ya riƙe ba. Ta zo duniya fara sol, ungozoma ta ɗaga ta ta ce wannan ai baturiya ce, shi ke nan magana ta zauna. Yanzu ta ba sittin baya, hayaƙin murhu da ranar Mafara sun rage farin, amma ba su rage bakin ba. Gajeruwa ce mai saurin tafiya, mai saurin fushi, sai dai fushinta ba ya kai la'asar. A Garbadu ta tashi, wajen wata gwaggonta mai yi wa 'yan mata katambiri da kwalli ranar kasuwa, a nan hannunta ya faɗa. Da aure ya kawo ta Mafara ta ga hoda da jan-baki da jagira, sai ta haɗa na da da na zamani, cikin 'yan shekaru ta zama ita ce ake aika wa da goro tun kafin a sa ranar biki. Ta gyara amaren Bakura, ta gyara na Maradun da Janbako. Har Gidan Goga an sha ɗaukar ta a bayan babur, kafin hanyar ta zama abin da ta zama.

Tana da wata ɗabi'a da kowa ya san ta da ita. Ban da ladan aikinta, kowace amarya sai ta ba ta abu guda daga kayan kwalliyar lefenta. Ba ta zaɓe, abin da aka miƙo shi take karɓa, ko jan-baki ne, ko hoda, ko ɗan jan farce. Sai ta kai shi cikin wata koriyar adakar ƙarfe mai zanen furanni da ke ƙarƙashin gadonta, daga nan kuma take ɗiba ta yi wa amarya ta gaba. Jan-bakin amaryar Janbako sai ya ƙare a leɓen amaryar Maradun, shekara shida tsakani. Baturiya ta ce albarka ce take zagayawa. Shekara talatin da biyar ana zubawa, ba a taɓa zubarwa ba, a ɗakin da idan bazara ta yi bazara kyandir ma lanƙwashewa yake yi.

A 'yan shekarun nan aiki ya ja baya. 'Yan mata sun koma wajen masu kwalliyar da suke gani a waya, waɗanda ke zuwa da jaka mai taya da fitila mai zobe. Baturiya ba ta rasa abin faɗa a kansu ba. Ta ce suna yi wa amarya yaɓe kamar za a shiga damina, ango ya ɗaga mayafi ya rasa wa aka kawo masa. Duk da haka ba ta damu can ba, don akwai fuska guda da take jira, kuma wannan ba ta ga wanda zai ƙwace mata ba.

Fuskar Hafiza ce, jikarta, 'yar babbar 'yarta da ke aure a Bakura. Tun Hafiza na da shekara bakwai take hannun Baturiya. A gidan ta yi firamare da sakandare, ta je ta yi karatun aikin lafiya ta dawo, yanzu tana aiki a wani ƙaramin asibiti a cikin gari. Ta fito da miji da kanta, wani malamin makaranta mai yawan gaisuwa, aka sa rana, saura mako uku. Sai ga wata maƙwabciya ta shigo aron turmi, tana fita ta yar da magana a tsakar gida, wai ta ji ƙawayen amarya sun yi magana da wata mai kwalliya daga Gusau.

Ranar Baturiya ba ta ci tuwo ba. Da Hafiza ta dawo daga aiki ta same ta zaune a bakin gado ta sha kunu, ta durƙusa ta gaishe ta, aka amsa mata da hanci.

"Kaka, an ce kin yi yaji da abinci saboda ni."

"Wa yac ce maki? Miyar ce ba ta yi mani ba." Sai abin ya ƙwace mata. "Ni da nir riƙe ki tun kina zub da haƙora, ni da nig gyara amaren da ba su ƙirguwa, sai ga bakin mai aron turmi za ni ji wai wata 'yag Gusau za ta taɓa maki huska? Mi niy yi maki?"

Hafiza ta zauna a ƙasa ta dafa gwiwarta. Yarinya ce mai sanyin murya, amma idan ta riƙe magana ba ta saki, kuma kowa ya san wajen wa ta gado.

"Kaka, ba hannunki nika gudu ba, wallahi. Adakarki nika gudu. Hussaina da kinka yi ma kwalliya bayan Sallah, kwana biyu da biki anka kawo muna ita asibiti, ido ja wur, yana ruwa."

"Kuka ta sha. Wace amarya ce ba ta kuka?"

"Ba kuka ba ne, ni na duba ta. Ga abin da za mu yi. Mu zazzage adakar nan ni da ke, abin da yal lalace a zubar. In munka gama, ke za ki yi mani, in ce ma ta Gusau ta sha zamanta."

Baturiya ta yi tsalle ta dire ta ce kayanta lafiyarsu lau, ba a taɓa jin inda hoda ta ruɓe ba, ai ba tumatir ba ce. Ta faɗi wannan, ta faɗi wancan. Kafin a kira magariba ta aika a ɗumamo mata tuwon, ta ce a fito da adakar ranar Laraba.

Laraba da hantsi suka jawo ta su biyu har gindin darbejiyar tsakar gida. Hafiza ta kawo faifai na abin da za a ajiye da tsohon bokiti na abin da za a zubar. Baturiya ta shiga ɗaki ta fito da wani babban tire ta ce wannan na waɗanda sai an yi shawara ne. Da aka ɗaga murfin, wani wari ya taso, rabi turare rabi tsohon mai, har kajin da suka matso kallo suka ja da baya.

Hafiza ta fara da karatu. Ta juya gindin wata kwalba ta nuna mata inda ake rubuta ranar da abu zai daina aiki. Ta nuna mata wani ɗan zane na gwangwani a buɗe da lamba a jiki, ta ce wannan lambar watanni ne, daga ranar da aka buɗe ake ƙirgawa, wani wata shida, wani goma sha biyu. Ta ce masu ruwa-ruwa da masu maiƙo su suka fi saurin lalacewa, na ido kuma su suka fi haɗari, zafi kuma yana gaggauta komai.

"Watanni?" in ji Baturiya. Ta ɗaga wani jan-baki mai murfin ruwan zinari. "Wanga ya ga gwamna huɗu, yarinya."

Ba ta karatun boko, don haka ta ce ita da hancinta za ta yi shari'a, Hafiza ta yi da lambobinta, a ga wanda ya fi gaskiya. Abin haushin, hancin da lambobin bakinsu ya zo ɗaya. Ta buɗe mai murfin zinarin ta kai hanci, sai ta kawar da kai. Warin man da aka soya ƙosai da shi sau goma yake yi. Ta sake shinshinawa ko zai canza ra'ayi, bai canza ba. Wani ruwan hodar ya rabu biyu a kwalba, mai a sama, laka a ƙasa. Jan farce ya daskare, ko an kife shi ba ya motsi. Hodar gari da yawa sun yi ɓawo mai sheƙi a sama saboda soso ɗaya da ya bi goshin mata ɗari. Da aka zo kan maskara, baƙin da ake shafa wa gashin ido, Hafiza ta tambaya yadda aka yi na shekara takwas bai bushe ba, Baturiya ta amsa da alfahari cewa duk lokacin da ya bushe sai ta ɗiga masa ruwan randa. Hafiza ta ɗora hannu biyu a ka ta yi salati.

Wahalar ba a gane lalataccen take ba, a sakin sa take. Duk abin da Baturiya ta ɗauka sai ta kira sunan mai shi. Wannan na Baraka ce ta Janbako, wadda ta yi ta dariya har sai da aka sake mata baki sau uku, yanzu ga ta da jikoki. Wannan na 'yar liman ce da ta suma don zafi. Wannan hodar mai madubi a murfi ta Hindu ce ta Gidan Goga, wadda danginta suka watse, ba a san garin da ta faɗa ba. Kowanne sai ya wuce tiren shawara. Kafin azahar tire ya yi tozo, bokiti na nan da abu uku a ciki.

Hafiza ta dubi tiren, ta dubi kakarta, ta gane ba kwalliya suke jayayya a kai ba. Ta tashi ta ɗauko cokali da ruwan zafi da omo. Ta ɗauki hodar Hindu ta kankare cikin a bokiti, ta wanke mazubin tas, ta goge madubin da gefen zanenta, ta miƙa mata.

"Ga Hindu nan, ba ta tahi ko'ina ba. Abin da ka sa ciwo kaɗai munka zubar."

Baturiya ta juya shi a hannu, ta buɗe ta rufe, ya yi ƙaras kamar sabo. Ba ta ce an yi daidai ba, ba halinta ba ne. Cewa ta yi cokalin ya yi girma, a kawo mata ƙarami. Daga nan aiki ya tafi da gudu, ɗaya na kankarewa ɗaya na wankewa, aka jera mazubai a kan tabarma suna shan rana, ja da kore da ruwan zinari. Tandun kwallinta na fata ya tsira, da sharaɗin kowace amarya ta zo da nata tsinken. Abin da ya rage a faifai bai cika tafin hannu biyu ba: jagira huɗu da za a feƙe, hoda biyu na bara, da kwalbar turare.

Sai a can ƙasan adakar Hafiza ta taɓo wani abu naɗe a cikin farin ƙyalle. Kafin ta warware, Baturiya ta kai hannu, amma yarinya ta riga ta. Wani faffaɗan akwatin kwalliya ne baƙi, irin mai hawa-hawa, da rubutun Larabci a baya, ledarsa ma ba a ɓare ba. Hafiza ta karanta lambar ta sake karantawa.

"Kaka, wanga ya mutu tun ina goye."

"Ba a buɗe shi ba. Daga Makka anka kawo shi. Da shi za ni yi maki."

"Ko gwangwanin madara ba a buɗe ba yana kumbura."

"Gero na shekara bakwai cikin rumbu, a hiddo a ci."

"Gero babu mai a cikinai. Shekara nawa yana dahuwa ƙarƙashin kwano? In da shi ne, Kaka, na hwasa."

Baturiya ta fizge akwatin ta sa a ƙarƙashin cinyarta ta zauna a kai, ta ce wannan ba ya cikin shari'a. Hafiza ta tambaye ta na wace amarya ne, ta yi kamar ba ta ji ba. Haka aka tashi, an zubar da bokiti guda an bar magana guda.

Washegari Hafiza ta tafi aiki, Malam Muttaka ya tafi fadama wajen albasarsa. Baturiya ta sakaya ƙofa, ta ɗauko akwatin ta ɓare ledar. Ta yanke shawarar za ta gwada a fuskarta, ta wuni da shi, idan yarinyar ta dawo ta nuna mata ƙarya lambobi suke yi. Kyau kam akwai shi. Launin ido kala goma sha biyu, jan kumatu, man fuska, jan-baki uku da zafi ya ɗan karkata su, duk sun yi gumi tsaf-tsaf. Ta kai hanci. Hancin nan da bai taɓa yi mata ƙarya ba ya gaya mata gaskiya, ta ce masa ya yi mata shiru. Ta zauna gaban madubi ta yi wa kanta kwalliyar da rabon ta da irin ta tun tana goyon autanta, har da shuɗi mai ƙyalƙyali a fatar ido.

Da azahar Malam Muttaka ya dawo da fartanya a kafaɗa, ya yi sallama, ya ga mace a tsakar gida tana tankaɗe. Ya sunkuyar da kai ya ja da baya yana cewa a gafarce shi, bai san an yi baƙi ba. Sai da ta ce, "Malam, ina za ka?" ya tsaya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in dai haka za a riƙa yi, shi ya daina wuni a fadama. Ta ce ya ji da shi, tsofai-tsofai. Amma ta ji daɗi ƙwarai, har nama biyu ta ƙara masa a miya.

Daɗin bai kai la'asar ba. Ƙaiƙayi ya fara daga fatar ido ya gangaro kumatu. Ta wanke da sabulu kafin Hafiza ta dawo, ta shige ɗaki ta ce kanta ke ciwo. Da gari ya waye idanun sun kumbura sun koma 'yan tsaga, leɓe ya yi suntum kamar fanke, ƙuraje sun feso har wuya. Ta lulluɓa da mayafi ta zauna a lungun gado. Da Hafiza ta shigo gaisuwa ta yaye mayafin, Baturiya ta riga ta da cewa rina ce ta harbe ta a bayan ɗaki.

Hafiza ta sa yatsa a gefen girarta ta ɗago wani ɗan ƙyalƙyali.

"Wace irin rina ce wagga, Kaka, mai shafa ma mutum shuɗi kahin ta harbe shi?"

Hafiza ta so ta yi faɗa, dariya ta ci ƙarfinta, ta yi ta yi har da hawaye, sannan ta sa ta a Keke Napep ta kai ta asibitinsu. Aka ba ta magani aka ce kwana uku zuwa huɗu zai sauka, kada ta ƙara shafa komai. A hanyar dawowa Baturiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba kumburin ke damun ta ba. Tunani take, da a ce ranar biki ce, da a fuskar yarinyar nan abin zai fito, kuma da hannunta. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta saba da shi ba.

Labari ya kai Bakura, ranar Asabar sai ga Taibatu, uwar Hafiza, da ƙwaryar fura da nono. Taibatu ita ce 'yar farin Baturiya, kuma dangin Baturiya na wajen uwa Fulanin Maradun ne, masu riƙon kunyar ɗan fari da gaske. Shekara arba'in da huɗu ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kallon ta ido cikin ido, ba ta yi mata magana kai tsaye. Ko ruwa za ta ba ta sai ta ce da bango a ba mutanen Bakura ruwa. Taibatu ta durƙusa daga bakin ƙofa ta yi gaisuwa mai tsawo, ya jiki, ya gida, ya aka ji da hidima, Baturiya na amsa wa Hafiza kamar ita ta gaishe ta.

Da aka natsa Taibatu ta tambayi 'yarta, a gaban kowa, wace irin hoda ce wannan da Inna za ta sayar da fuskarta a kanta. Hafiza ta ce ita ma ta yi tambayar duniya an hana ta amsa. Malam Muttaka na gefe a kan tabarma yana gyaran irin albasa. Mutum ne da ba ya shiga maganar mata, amma ranar sai ya yi gyaran murya.

"Naki na, Taibatu."

Baturiya ta ce, "Malam!" Bai ko ɗago ba. Ya ce shekarar da za a yi auren Taibatu, uwarta ta sayar da tunkiyarta ta ba wata maƙwabciya mai tafiya aikin Hajji saƙo. Ta ɗauka tunda sana'arta ce, ba wanda zai ga laifinta in ta yi wa 'yarta. Ranar biki ta fito da akwatin a ƙarƙashin mayafi, sai manyan matan dangi suka yi mata ca, wai ina aka taɓa gani, uwar 'yar fari, ko kunya ta ƙare a duniya ne? Ta koma ɗaki da abinta. Ƙanwarsa Hindatu aka sa ta yi kwalliyar.

Daga cikin mayafi, ta leɓen nan masu nauyi, murya ta fito tana fuskantar bango.

"Gira guda ta hau bisa, guda ta gangaro. Ta labule nig gani. Har yau ban yahe ma Hindatu ba."

Taibatu ta fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Ta san al'ada, ita ma ba ta sakewa da Hafiza a gaban mutane. Amma tun ranar aurenta akwai wani abu da ya tsaya mata a rai, cewa uwarta ta gyara 'ya'yan kowa a ƙasar nan ita kaɗai ce ba ta ko leƙo ba. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ba ta kuma taɓa zaton an leƙo ba.

Da kumburi ya sauka, Baturiya da kanta ta sa cokali ta kankare akwatin Makka a rami bayan ɗaki, ta tura ƙasa da ƙafa. Ba wanda ya sa ta. Saura kwana takwas biki, Taibatu ta zauna don hidima, lefe kuma ya riga ya iso. Hafiza ta buɗe nata kayan kwalliyar sababbi fil ta baje a kan tabarma. Baturiya ta duba ta ga ruwan hoda kala uku, da burushi goma sha biyu kowanne da aikinsa, da wani soso mai siffar ƙwai da wai sai an jiƙa shi. Rabin kayan ba ta san ta inda ake kama su ba, ta kuwa faɗa, abin da ba ta taɓa yi ba.

Hafiza ta ce to sai an gwada, kuma ba za ta sallami ta Gusau ba sai ta ga aikin da idonta. Ita ba za ta zauna ba, don ita ce mai nuna wanne ake fara shafawa. Aka aika maƙwabta neman fuska. Duk unguwa an ji labarin rina, don haka wannan ta ce tana da wanki, waccan ta ce miya ta ɗora. Malam Muttaka ya ce shi da ya taimaka, gemu ne ya hana.

Taibatu na bakin murhu tana jin su. Ta wanke hannu, ta wanke fuska, ta jawo kujerar tsugunno ta ajiye a gaban uwarta ta zauna, ta tura ɗankwalinta baya.

Baturiya ta dubi darbejiya, ta dubi randa, ta dubi kaji.

"A gaya ma mutanen Bakura..."

"Kaka," in ji Hafiza, "ba a ja ma mutum gira ta bakin ɗan aike. Babu kowa nan sai mu."

Baturiya ta goge tafinta a zane sau biyu. Ta ɗago kai ta dubi 'yarta, kallon da ba ta yi mata ba tun tana shan nono. Ga furfura ta fara fitowa a gefen kunne. Ga ɗan tabo a ƙarƙashin haɓa, na ranar da ta faɗo daga kan turmi tana da shekara uku. Goshin na Malam ne, amma girar tata ce sak, mai kauri daga ciki, mai sirancewa a wutsiya, irin wadda ba ta son a cika mata baƙi. Ta ɗauki soson, Hafiza ta ce a ɗiɗɗiga ake yi ba a gogawa, ta ce ta ji, ba kurma ba ce. Kafin a gama kumatu ɗaya hannunta ya faɗa. Ta ture kalar da Hafiza ta miƙo ta haɗa biyu a bayan hannunta, ta fitar da wadda ta dace da fatar kamar da ita aka haife ta. Burushi goma sha biyun nan uku ta ɗauka, sauran ta ce a ba masu fenti.

Da ta ja girar dama, Hafiza ta matso ta duba, ta koma baya ta sake dubawa. Ba ta jira ta hagu ba. Ta ɗauki wayarta ta nufi zaure, ana jiyo ta tana gaisawa da ta Gusau, tana ba ta haƙuri, tana cewa an samu mai yi a gida.

Taibatu idonta a rufe yake, amma hawaye ya sami hanya ya gangaro ta kan hodar ya bar layi. Baturiya ta sa bakin mayafinta ta ɗauke shi a hankali, wani ya biyo.

"Ke, bari kuka, kina ɓata mani aiki," ta ce da ita, ba da bango ba. "Shekara ashirin da biyar nika jiran wagga gira. Ɗago kanki."